Taswira Mai Jigo, da Sikelin da Ba na Mahauta Ba

Wasiƙun wannan makon duk a kan taswira suka taru, kamar an yi shawara. Ina jin jarrabawar labarin ƙasa ce ta matso. To, bismillah.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, Allah ya ƙara sani. Kalmar taswira Hausa ce ko aro? Kuma wadda ba ta nuna hanya, sai launi-launi na yawan ruwan sama ko yawan jama'a, ita ma taswira za a ce mata?"

Aro ce, ɗana, daga Larabci. Tushenta ɗaya da "sura", wato siffa, kamar a ce wance tana da kyan sura. Kada ka haɗa ta da surar Alƙur'ani. A bakin Bahaushe sun zama abu guda, amma a allo ɗaya da sodi take farawa, ɗaya da sin. A Larabci kalmar suranta abu take nufi, ko mene ne shi, kuma Balarabe yana da wata kalma daban da yake kiran zanen ƙasa da ita. Masu Suwahili ma sun are ta, sai dai a wajensu hoto ko siffa ce. Mu ne muka tsuke ta, muka ɗaure ta a kan zanen ƙasa. Aikin kansa kuwa ba baƙo ba ne a nan: a 1824, da Kyaftin Clapperton, wani Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswira mai nuna kogin Kwara da garuruwa, sunayen a rubuce da harafin Larabci, aka je aka buga ta a Landan a 1826. Wannan ya ishi masu cewa a makarantar boko muka fara ganin taswira.

Rabin tambayarka na biyu, e, taswira ce. Iri biyu ne. Akwai mai faɗin komai, hanya da kogi da dutse da gari, kamar tsohon direban mota da ya san ko'ina. Akwai kuma wadda ta ɗauki magana ɗaya tak ta riƙe, ta bar sauran su zama shimfiɗa kawai. Ita wannan ni "taswira mai jigo" nake ce mata. Na ji wasu suna cewa "taswirar maudu'i". Ba kuskure ba ne, amma me ya kai mu aron tsani alhali namu yana jingine a bango? Wanda ya taɓa zuwa lambu a bakin rafi kafin injin ban ruwa ya cika gari ya san jigo: doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan kai, nauyin dutse ko curin laka a wancan, duk aikin a kanta yake hawa da sauka. Daga nan masu nazarin adabi suka ɗauko shi, suka ce jigon waƙa, wato abin da waƙar ta rataya a kai. In waƙa tana da jigo, ban ga abin da zai hana taswira samun nata ba. Jigon wannan ruwan sama, jigon waccan zazzaɓin cizon sauro, jigon waccan kasuwannin hatsi.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na likita John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, mutum fiye da 500 suka mutu cikin kwana 10. Ya ɗauki zanen titunan unguwar, duk gidan da aka yi rasuwa ya ja ɗan baƙin layi a ƙofarsa, gawa ɗaya layi ɗaya. Layukan suka yi cunkus a kewayen famfon ruwa guda na titin Broad. Ana yawan ba da labarin kamar taswirar ce ta sa aka cire hannun famfon. Ba haka aka yi ba. Da bin gida-gida yana tambaya ya gano, aka cire hannun a watan Satumba, taswirar daga baya ta fito don ta gamsar da masu gardama.

Wata malamar firamare daga Gusau ta ce: "Malam, a littafin da muke koyarwa da shi an rubuta 'sikelin taswira'. Daidai ne?"

Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sikeli na mahauta ne da masu sayen gyaɗa. Abu ne mai faranti da allura, a ɗora kaya ya faɗi nauyi. Wanda ya fara rubuta "sikelin taswira" ya ga kalmar Turanci ɗaya, wato "scale", mai ma'ana biyu, ya kama wadda ta fi kusa da hannunsa, ya wuce abinsa. Na taɓa zama a wani taron fassara, wani matashi mai digiri ya dage a kan sikeli, har da buga tebur. Na ce masa, to ɗora mini Katsina a kai mu ga kilo nawa ce. Aka yi dariya, amma da littafin ya fito, sikelin nan yana ciki daram.

Ki ce "ma'auni". Ma'auni ya haɗa awon tsawo da na nauyi da na yawa, saboda haka ya ɗauke ta ba tare da ya yi ƙara ba. In kin ga an rubuta 1:50,000, ki faɗa wa yara santimita 1 a takarda santimita 50,000 ne a ƙasa, wato mita 500. Su auna da zare tsakanin gari biyu, su lissafa da kansu.

Wani daga Kumasi yana tambayar "maso" da ke cikin "arewa maso gabas".

Daga "so" ne. Arewa ce mai son gabas, ta karkata wajenta. Masu cewa "arewa ta gabas" su ma ana gane su, amma sun bar mai daɗin.

Wani ma'aikacin ƙidaya daga Maraɗi ya rubuto doguwar wasiƙa, ga gundarinta: "Ana cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shin wannan karin magana bai isa hujja ba cewa a nuna wa mutane taswira ya fi a karanta musu lambobi?"

Malam, karin maganar nan ƙafa biyu gare ta, kai kuma ka tsaya a kan ɗaya. Ana yin ta ne idan aka miƙo wa mutum rabo aka ce daidai ne, shi kuwa ya duba ya ga da sauran magana. Je ka kasuwar Dawanau ka tsaya kusa da dillalin hatsi: zai kalli tarin gero ya ce buhu kaza ne, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Amma in aka zo biyan kuɗi, ba wanda yake yarda da idonsa, sai an durƙusa an auna. Abin da ƙafar farko take faɗa ke nan, ido ba mudu ba ne. Ita ce mutane suke haɗiyewa don su yi saurin isa ta biyu.

A kan taswira mai jigo kuwa, ido yana da wata muguwar ɗabi'a: fili yake aunawa, ba mutane ba. Ɗauki ƙasarku. Jihar Agadas ita kaɗai ta cinye fiye da rabin faɗin Nijar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Maraɗi, wadda a takarda ba ta fi a rufe ta da babban yatsa ba, ta haura miliyan 3. Yanzu a ce an shafa wa Agadas ja saboda wata cuta ko wata jam'iyya, an bar Maraɗi fara. Mai kallo zai ce ja ya mamaye ƙasa, alhali rairayin hamadar Tenere ba ya zuwa asibiti, ba shi kuma da katin zaɓe. Haka abin yake a Najeriya. Jihar Neja ta ninka Legas fiye da sau 20 a faɗi, amma a yawan jama'a ko kusa ba ta kama ƙafarta ba. Duk bayan zaɓe sai ka ga ana ta yawo da taswira mai launin jam'iyyu a Facebook, kowa yana ihu wai dubi yadda muka share ƙasa. Ƙasa kam an share, ƙuri'a kuwa sai an ƙirga.

Tun a taswirar duniya ma aka fara yi wa ido wayo. Wadda ta fi yawa a bangon azuzuwa ta samo asali ne daga tsarin Mercator na 1569, wanda aka yi domin matuƙan jirgin ruwa. Tana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, har tsibirin Girinland ya yi kamar zai yi kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Ban ce a jefar da taswira ba. Masu sana'ar sun san maganin abin: maimakon shafe jiha gaba ɗaya da launi, sai a ɗora da'ira a kanta, girman da'irar gwargwadon yawan mutane, ko a yi ɗige-ɗige, kowane ɗigo a madadin mutum dubu kaza. Nan ido zai san kimar gaskiya. Kuma in aikin ya yi kyau, gani ya kori ji. Wani injiniyan Faransa, Charles Minard, ya zana tafiyar rundunar Napoleon, sarkin Faransa, zuwa Rasha ta 1812 a matsayin wani faffaɗan zirin launi, soja 422,000 a farkonsa. Zirin yana tafiya yana ramewa, har ya dawo siriri kamar zaren ɗinki, mutum 10,000. A 1869 ya buga shi. Ba mai kallon wannan ya nemi a yi masa tafsiri.

Wata ɗaliba daga Kano ta ce: "Baba Malam, yaya zan bayyana launin da yake tafiya daga mai haske zuwa mai duhu? Kullum sai Turanci ya shigo mini."

'Yata, kina zaune a garin marina kina neman aron kalmar launi? Je ki Ƙofar Mata ki ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a baba. Tsomi na farko shuɗi-shuɗi, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, a hankali har ya ciza ya koma kamar baƙi. Tsarin taswirarki ke nan: inda abu ya yi kaɗan tsomi ɗaya, inda ya yi yawa rini ya ciza. Hausa tana rage launi da maimaitawa, ja-ja, kore-kore, baƙi-baƙi. Tana ƙarfafa shi da 'yar kalma a baya, ja wur, kore shar, baƙi ƙirin, fari fat. Daga ja-ja zuwa ja zuwa ja wur kin sami mataki uku ba ki ari komai ba.

Sai dai ki riƙa duba ɗan akwatin nan na gefe mai faɗin ma'anar kowane launi. "Mabuɗi" nake ce masa, ba "makulli" ba, tunda buɗewa yake yi. Ba kullum duhu yake nufin yawa ba. Charles Dupin, wanda ake dangana masa fara irin wannan taswira a 1826, ya shafa wa lardunan Faransa launi gwargwadon yaran da ke makaranta, kuma a wajensa inda ya fi duhu nan ne karatu ya fi ƙaranci. Ni kaina na yi shekaru ina cutuwa. A ajinmu na firamare akwai wata tsohuwar taswirar Najeriya da gara ta cinye kusurwarta ta ƙasa, daidai inda mabuɗin yake. Muka ga kore a bakin teku da gefen koguna, muka ga ruwan ƙasa a kan Jos, muka yanke hukunci cewa Jos hamada ce. Sai da na je da ƙafata, sanyi ya kusa kashe ni, ga dankalin Turawa ko'ina, sannan na gane koren nan kwari yake nufi, ruwan ƙasa kuma tudu.

Wani ya tambayi sunan zanen nan mai da'ira da ake yankawa kashi-kashi.

William Playfair, mutumin Sikotland, shi ya fito da shi a 1801, Turawa suka sa masa sunan wani abincinsu. Mu ma muna da namu mai faɗi da ake yankawa. Ni "zanen gurasa" nake cewa a aji, kuma ban taɓa ganin Bakanon da ya nemi ƙarin bayani ba. A takardar jarrabawa ka rubuta "zanen da'ira", kada mai duba takarda ya ce kana wasa.

"Alƙaluma jam'in alƙalami ne, to me ya haɗa su da lambobi?"

Da alƙalami ake rubuta su. Abin rubutu ya ba abin da aka rubuta sunansa. Amma don Allah a daina cewa "alƙaluma sun nuna" ba tare da an faɗi na wa ba.

Wani dattijo daga Damagaram, wanda ya ce jikansa ne ya rubuta masa, yana tambaya ko "hangen Dala ba shiga birni ba" ta dace da mai nazarin taswira.

Ranka ya daɗe, ta dace. Fatake ne suke hango dutsen tun daga nesa, su ɗauka sun iso, alhali da sauran tafiya. Ni dai na fi yin ta ga jami'in da ya ga ƙaramar hukuma an shafa mata kore a taswirar rigakafi, ya rufe fayil. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowacce launi ɗaya ake ba ta, ko da rugagen da ke bayan rafi ba su taɓa ganin mai allura ba.

Ta ƙarshe, daga wata yarinya 'yar aji shida: "Me ya sa arewa take sama?"

Masu zane ne suka saba da haka, 'yata, ba wani dalili a sararin Allah. Al-Idrisi, da ya gama taswirar duniya a 1154 a fadar Sarki Roger na Sisili, kudu ya sa a sama. In kin sami hotonta sai kin juya takardar kafin ki gane Afirka.