Za mu hau jirgin ruwa a Ubhur da yara, me ya kamata mu kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu mazauna Makka ne. Maigida ya yi wa yara alkawarin bayan Sallah zai kai mu Jidda mu yi hayar ƙaramin jirgi a Ubhur. Yaranmu uku ba wanda ya iya iyo, ni ma haka. Shin rigar ceton nan dole ce, ko ya isa tana cikin jirgin? Kuma wata maƙwabciyata ta ce ragowar abinci da leda a ruwa ake zubarwa, wai teku ba ya ƙazanta. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rigar ceto a jiki take aiki. Kowa ya sa tasa tun jirgi yana ɗaure a bakin gaɓa, domin idan ya kife ba a samun sararin buɗe akwati, balle a ɗaura wa yara uku. Ki duba ta yaran da hannunki: bayan an ja igiyoyin, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. In ta hau har ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa, kuma zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo a kan ruwa. Ta ƙananan yara tana da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ita ce ke hana hakan, kada a bar ta tana lilo. Ke kuma ki ɗora taki a kan abaya, don abaya in ta jiƙe nauyi take yi, tana naɗe ƙafa.

Ku fita da safe. A Bahar Maliya iskar arewa takan ƙara ƙarfi bayan azahar, kuma lafawar ruwan cikin Ubhur kan ruɗi baƙo, tunda mashigi ne da ƙasa ta kare shi. Da an fita bakinsa sai a ga igiyar ruwa ta canza. Ku hau jirgi mai lasisi, kada ku wuce adadin mutanen da aka ƙayyade masa, ko da matuƙin ya ce ba komai. Kada yaro ya zauna a goshin jirgi yana reto da ƙafa, domin in ya faɗa, jirgin ta kansa zai bi, farfela kuwa tana baya. Ki adana 911 a wayarki, ita ce lambar gaggawa a yankin Makka har da Jidda, ta nan ake samun Haras al-Hudud, wato dakarun tsaron iyaka, su ke ceto a teku.

Maganar maƙwabciyarki kuwa ba haka take ba, kuma ita ta fi ci mini rai, don mutane na ganin shara daban, hatsari daban. Injin jirgi da ruwan teku yake sanyaya kansa, yana zuƙarsa ta wasu ƴan ramuka da ke kusa da farfela. Leda guda ta shawarma in ta manne a wurin, ruwa ya yanke, inji ya ɗau zafi ya tsaya. Tsohon zaren kamun kifi kuma naɗewa yake a farfela har ya ci robar da ke tare mai. Jirgin da injinsa ya mutu iska ce ke tuƙa shi, gaɓar Jidda kuwa cike take da duwatsun murjani da ke dab da saman ruwa. Ledar da wani ya jefa jiya tana iya tsayar da jirgin da ke ɗauke da ƴaƴanki yau. Kunkurun teku ma haɗiye ta yake, ta toshe masa hanji. Sannan ruwan da kuke sha a Makka, akasarinsa daga tekun nan ake tace shi a Shu'aiba.

Ki tafi da babbar jakar shara, ki ɗaure ta a ƙarƙashin kujera don kada iska ta kwashe, kofunan shayi da kunzugun jariri da ragowar shinkafa duk su shiga ciki, a sauke ta a kwandon da ke bakin gaɓa. In za a tsaya cin abinci, ki roƙi matuƙin ya saki anga a kan yashi, domin murjanin da ƙarfe ya karya yana ɗaukar shekaru kafin ya sake tsirowa.