Ki je Jungle Jim's ɗin, amma kar ki yarda da awa ɗayan nan

Salamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don irin abin da ya same ni ne sak. Kin ce za ki Cincinnati da ke jihar Ohio ta Amurka taro na 'yan kwanaki, an ba ki labarin Jungle Jim's, katafaren kantin nan na kayan abincin ƙasashen duniya, ba ki da mota, wata da kuke tare ta ce za ta kai ki amma awa ɗaya kawai za ta iya jira, shi ne kike tambaya ko zai isa, kuma ko akwai abin da Musulmi zai saya ya ci hankali kwance. Ki je, wurin ya kai a je. Amma awa ɗayan nan ki ce mata kin gode Allah ya saka, ba zai ishe ki ba ko kusa.

Masu kantin da kansu suna cewa kayan da ke ciki sun haura iri 180,000 daga ƙasashe sama da 70, kuma ginin ya wuce murabba'in ƙafa 200,000. Ni kam da na ji lissafin nan ban kama girman ba sai da na ga ana miƙa wa mutum taswira a bakin ƙofa, taswirar kanti fa. Mai wurin, James Bonaminio, a 1971 ya fara da ɗan teburin kayan gwari a bakin titi a garin Hamilton, daga baya ya dawo Fairfield kan titin Dixie Highway yana ta ƙara gini kan gini, shi ya sa cikin ba a miƙe yake ba, lungu-lungu ne, kina shiga nan sai ki ɓulla can. Tun daga waje za ki ga mutum-mutumin giwaye da raƙuman dawa ga ruwa yana kwarara, a sama kuma ga wani jirgin ƙasa mai layi ɗaya da suka sayo daga wurin wasan Kings Island. A ciki akwai zaki sanye da kayan mawaƙa yana kaɗa jita yana waƙa, akwai gwangwanin miyar Campbell's yana lilo a saman kan mutane, sannan ɓangaren barkonon kwalba motar kashe gobara ce guda aka ɗora a samansa, kwalabe sun fi dubu. Ga kifi da ransa yana yawo a tankunan gilashi, ga wani cuku da aka rataye wanda ya fi ni tsawo. To a ina awa ɗaya za ta shiga nan?

Kuma abin da ba a gaya wa baƙo, ba ki fara da kayan ƙasashen waje ba. Sai kin ratsa kayan Amurka na yau da kullum da ɓangaren giya, wanda shi ma babba ne ƙwarai, ki kau da kai ki wuce abinki, da su cuku da burodi da 'ya'yan itace, kafin ki iso inda aka jera ƙasashe kowacce da layinta. Mutum yakan ƙarar da ƙarfinsa da lokacinsa a gaba yana ɗaukar hoto, ya iso wajen abin da ya kawo shi ƙafa ta riga ta mutu. Ki duba taswirar ki miƙe can tukuna, hoto daga baya.

Ni lokacin da na je cikin hunturu ne, kuma wata ce cikin tawagarmu ta yi hayar mota ta ce mu zo ta kai mu, wai ta saba zuwa. Ba zan kama sunanta ba, na bar ta da Allah. Tun a hanya take cewa tana da inda za ta da yamma, na ce to in da takura a bari wata rana, ta ce a'a ba komai mu je. Muna shiga ta fara, yi sauri, taho mana, me kike kallo. Na iso layin kayan Turkiyya da na Larabawa na ɗauki alawa ina duba rubutun bayanta, sai matar nan ta ɗaga murya a gaban mutane da sauran 'yan tawaga ta ce wai ni komai sai na yi bincike kamar ni kaɗai ce Musulma a duniya, wai in tsoro nake ji in zauna a otal in sha ruwa. Wallahi 'yar uwa sai da na ji kunnena ya yi zafi. Wata Ba'amurkiya da ke kusa da mu ba ta jin abin da ake faɗa amma ta juyo ta kalle ni, irin kallon tausayin nan, shi ya fi yi min ciwo. Ban ce komai ba, na ajiye alawar.

Can ta ce ita ta gaji za ta jira a mota, sauran mata biyun da muka je tare suka bi ta. Na ɗauki ɗan abin da zan ɗauka na shiga layin biyan kuɗi, ranar Asabar ce layi ya yi tsawo. Abin da ban taɓa ji daga bakinta ba, ita da ta ce ta saba zuwa, shi ne ƙofar fita daban take da ta shiga kuma akwai tazara a tsakaninsu. Na fito na ga wurin ba shi ne inda na sani ba, gari ya riga ya yi duhu don a watan Disamba biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi a can, ga motoci iya ganinki. Na tura keken kayana layi-layi ina leƙen motoci, iska tana shiga ta ƙasan mayafina, yatsuna sun ƙage a jikin ƙarfen keken har ba na jin su. Wayata ba layin Amurka a kai, sai in ina otal nake samun intanet, kuma ta san haka, don ni na gaya mata da bakina a mota. Na koma inda muka yi fakin, na gane wurin sarai, wata mota ce daban a ciki. Na tsaya a nan ban san iya lokacin ba, ina ta cewa ƙila ta zagaya ƙofar fita ne ta ɗauke ni, na koma can, na sake dawowa. Babu ita babu dalilinta. A ƙasar da ban san kowa ba, ko hanyar otal ɗin ban sani ba balle a ce in taka. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Wani dattijo cikin ma'aikatan da ke tattara kekuna shi ya lura da ni, ya ce in shigo ciki in ji ɗumi, ya ara min wayarsa. Na kira ta, sai da ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka, ina jin hayaniyar gidan abinci a bayanta, ta ce min wai ai ta ɗauka zan hau Uber. Da wace wayar? Ko sannu ba ta ce ba. Washegari a wajen karin kumallo ta zauna tana ba mutane labari wai na sa ta makara, ana dariya, kuma ta miƙo hannu ta ɗebi dabinon da na saya a wurin ta ci a gabana. Har muka rabu a filin jirgi kalmar yi haƙuri ba ta fito daga bakinta ba. Su ma biyun da suka bi ta ba wadda ta ce a tsaya a jira ni, wannan ma yana raina har yau, don ɗaya daga ciki ɗakinmu ɗaya, ni nake tashinta sallar asuba. Na yi ƙoƙarin in manta, amma duk ranar da na ji sanyi ya kama min yatsu sai abin ya dawo.

Wanda ya mai da ni otal wani bawan Allah ne ɗan Muritaniya da matarsa, sun ji ina sallama a waya suka tsaya. Akwai 'yan Muritaniya da 'yan Senegal da yawa a yankin Cincinnati, in kin ga mai hijabi a ciki ki yi mata sallama, ba za ki rasa mai taimako ba. Ko sisi ba su karɓa ba, Allah ya biya su da gidan aljanna.

Don haka dan Allah, kafin ki taka wurin nan ki tabbata wayarki na da data da caji, ki sa Uber ko Lyft a kai da katin da ke aiki, ki rubuta adireshin otal ɗinki a takarda ki sa a jaka. Ko da wani za ki je ki zama kina iya komawa da kanki. Daga tsakiyar Cincinnati zuwa Fairfield kusan rabin awa ne a mota in ba cunkoso, kuɗin zuwa da dawowa zai ɗan ciji aljihu amma ya fi wulaƙanci sauƙi. Kuma ki lura rassa biyu ne, na asali a Fairfield arewa da gari, da na Eastgate da aka buɗe a 2012 ta gabas, kar ki ce wa direba Jungle Jim's kawai ki yi shiru. Filin jirginsu ma ba a Ohio yake ba, a Kentucky yake, tsallaken kogi, saboda haka kar ki ce bari in biya a kan hanyata ta zuwa jirgi, kudu da arewa ne.

Maganar halal, akwai abin saye sosai amma sai kin karanta, kuma karatun nan shi ke cin lokaci, kar kowa ya sa ki ji kunyarsa. Alawa mai taunar nan yawanci da jelatin ake yi, kuma na Turai da yawa daga alade ake samo shi, ko alawar kamfanin Haribo ma wanda aka yi a Turkiyya ne ke da na saniya da tambarin halal, sai ki juya leda ki ga ƙasar da aka yi shi. A layin Meziko ki kula da waken gwangwani, wasu da kitsen alade ake soya shi. A na Japan da Koriya da Sin, taliyar leda da miyar kwalba sukan zo da romon alade ko giyar shinkafa, wani rubutun ma ba za ki iya karantawa ba sai 'yar takardar Turanci da aka manna a baya. Cakulan na Jamus da Italiya wasu da giya a tsakiya. Inda hankalina ya fi kwanciya layin Turkiyya da Larabawa da Indiya ne, dabino, zaitun, tahina, ganyen shayi, shinkafar basmati, kayan ƙamshi kala-kala. Nama kam in ba ki ga tambari a jiki ba ki tambayi ma'aikaci, in bai gamsar da ke ba ki bar shi. Ɓangaren Afirka yana nan amma bai kai na Asiya ba, kar ki sa rai da yawa.

Af, banɗakinsu. Za ki ga ƙofofin roba irin na bayin tafi-da-gidanka da ake ajiyewa a wajen gini, kar ki juya, ki buɗe ki shiga, a bayan ƙofar banɗaki ne babba tsaf, har lambar yabo ya ci ta banɗakin da ya fi kowanne a Amurka a 2007. Buta dai babu, ki riƙe gorar ruwa a jaka. In sallah ta kama ki akwai babban masallacin Islamic Center of Greater Cincinnati a West Chester, ba nisa can a mota. Ni ranar nan magariba da isha'i sai a otal na haɗa su, ina rawar sanyi.

Ki je da safe a ranar aiki in taron ya ba ki dama, Asabar da Lahadi cika yake. Ki ware awa uku ko fiye, ki sa takalmi mara tsini, ki ci abinci kafin ki shiga don da yunwa komai kika gani sai ki jefa a keke. Farashin 'ya'yan itace da cuku da nama a kan fam yake, ba kilo ba, kilo ɗaya fam 2.2 ne, in kin ga kuɗi kaɗan ki ninka shi biyu da ɗoriya kafin ki yi murna. Abu ɗaya mai daɗi, a Ohio ba a ɗora haraji kan kayan abincin da za ki tafi da su gida, amma lemon kwalba da kayan da ba na ci ba ana ɗorawa, kar ki yi mamaki in dalolin sun ɗan ƙaru a wajen biya.

Sai kaya. Zuma, barkonon kwalba, man zaitun, jam, duk abin da ke zuba ko shafawa in ya wuce mililita 100 ba zai wuce a jakar hannu ba, masu bincike za su karɓe a jefa a shara kina kallo, ki naɗe su da kaya ki sa a babbar jaka, ki ɗaure kowace kwalba a leda biyu. Yawancin jirage kilo 23 ne jaka ɗaya, kwalabe kuma nauyi gare su, shayi da kayan ƙamshi da busassun abubuwa sun fi riba. Ɗanyen nama da kifi da 'ya'yan itace kar ki ce za ki tsallaka iyaka da su, abin da za ki ci a otal kawai ki saya, kuma ki fara duba ko ɗakinki na da firij. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira duriyan, in kin gan shi ki kalla kawai, warinsa zai cika miki ɗaki.

Ita wadda ta ce za ta kai ki, ban san ta ba, ƙila mutuniyar kirki ce, amma ki yi maganar da ita tun yanzu a fili, ta sauke ki ta tafi harkarta ke ki dawo da kanki, ko kuma ku sa lokaci da ƙofar da za ku haɗu ki ɗauki hoton wurin a waya. In kin dawo ki sanar da mu yadda ta kaya, Allah ya kai ki lafiya ya tsare hanya.