Amsa: Kawo furannin biki daga Jos zuwa Abuja tun jajibiri

'Yar uwa, kin tambaya ko furannin adon bikin ƙanwarki za su kai washegari in an kawo su Abuja daga Jos tun jajibiri. Za su kai, muddin an yanko su da sassafe, suka taho a tsaye cikin bokitin ruwa.

Abin tsoro zafin Abuja ne, musamman a watan Maris. Na taɓa jera furen wardi a zaure tun dare, aka kashe janareta, kafin azahar duk sun sunkuyar da kai, raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu da isowarsu nake datse gindinsu a karkace, in cire ganyen da ya taɓa ruwa, su kwana a ɗaki mai sanyi, sai da safe in jera.