Amsa ga ƙanwarmu mai yage shafi na uku

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da safiya, da fatan mun tashi lafiya. Wannan saƙon murya amsa ce ga ƙanwarmu da ta yi tambaya daren jiya, amma duk wanda abin ya shafa ya saurara. Ƙanwata, in na fahimce ki, kin ce kina fara labari da zafinki, ki kai shafi na uku, sai ki koma ki karanta, ki ji kamar shirme kika zuba, ki yage. An ba ki shawarar ki riƙa rubuta littafin kullum, wanda wasu ke ce wa dayari, kika gwada kwana biyu, kika rasa abin rubutawa ban da "na tashi, na yi wanke-wanke". To ki yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da ke damunki, aiki biyu kike yi a zama ɗaya. Mai rubutu da mai gyara suna kan tabarma guda, kuma mai gyaran ta fi baki. Littafin nan aikinsa ya raba musu lokaci. Kowa da ranarta.

Ki sayi littafin 'yan makaranta mai ganye 80, mafi arha a shago. Kada ki sayi mai bangon fata da makulli da furanni, don za ki buɗe ki ji takardar ta fi ƙarfin maganarki, ki ajiye. Ganye 80 shafi 160 ke nan, in kina cika shafi 2 kullum zai kai ki kusan kwana 80. Ki sa wa shafukan lamba tun ranar farko, ki bar ganye 3 na ƙarshe babu komai, zan faɗa miki amfaninsu. Da biro za ki yi, ban da waya. A waya gogewa ba ta da wuya, ke kuma ciwonki ke nan, ga saƙonni na shigowa. A littafin nan ba a gogewa, ba a yagewa. In kin yi kuskure ki ja layi ɗaya ki wuce.

Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba da azkar, kafin yara su tashi, kafin ki buɗe data. Da zarar kin leƙa kin karanta rubutun wasu, mai gyara ta farka, ta fara auna ki da su. Wata marubuciya 'yar Amurka, Julia Cameron, ita ta yaɗa wannan tsari a 1992, shafi 3 da hannu kowace safiya. Shafi 3 yakan ci rabin awa ko fiye, kuma mace mai dama koko da shirya yara makaranta ba lallai ta samu ba. Shafi 2, ko minti 15, ya isa. Ki sa kwanan wata a sama, ki ɗora biro, kada hannun ya tsaya. In kin rasa abin faɗa, ki rubuta "na rasa abin faɗa" sau uku, sau huɗu, har wani abu ya faɗo. Da Hausar da kike tunani da ita za ki rubuta, ko Sakkwatanci ne ko Kananci, ko da Turanci ya sarƙe a ciki. Ba ruwanki da ƙa'idar rubutu a nan.

Shafin farko yawanci ƙorafi ne, gas ya ƙare, an ɗauke wuta, wance ba ta amsa gaisuwa ba. Ki bar shi ya fita. Famfon da ya kwana biyu bai kawo ba, ruwan farko ja ne, ba a kashe shi don haka, bari ake yi ya zuba.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Duk lokacin da muryar mai gyaran nan ta zo miki a rai, mai cewa ba ki iya ba, kada ki yi gardama da ita a ka. A ka ita ke cin nasara, saboda maganar dunƙule take yi. Ki ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafi ya kasu gida 3. A gida na farko ki rubuta abin da ta ce, kalma da kalma: "Ban iya rubutu ba." A gida na biyu ki tambaye ta kamar alƙali: a ina, wane shafi, wane layi? Dole ta kawo shaida. Wataƙila ki rubuta: "Hirar Binta da uwarta a shafi na 2, dukansu suna magana kamar masu karanta labarai a rediyo." Kin ga yanzu ƙarar ta ragu, daga dukan rayuwarki ta koma layi shida. A gida na uku ki rubuta abu ɗaya da za ki yi gobe: "Zan saurari yadda uwa ke yi wa 'yarta faɗa, in sake layukan nan." Uwa ba ta cewa "haƙiƙa 'yata kin ɓata mini rai". Cewa take yi "Ke! Da ke nake ko da bango?" In kuwa muryar ta kasa nuna shafi, ki rubuta "babu shaida", ki rufe shari'a. Wannan dabarar aro ce daga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ke bin tsarin Aaron Beck, suna sa mutum ya rubuta tunanin da ke damunsa ya auna shi da hujja.

Sai batun abin da za ki zuba a labari. Da dare, minti 5 kacal, ki rubuta abu 3 da kika gani ko kika ji a ranar. Sharaɗin shi ne ban da "mai kyau", ban da "abin tausayi", ban da "mai ban sha'awa". Kada ki ce kin ga mai shayi. Ki ce yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu a sama, idonsa na kan yaron da ya ci biredi bai biya ba. Kada ki ce an yi rigima a adaidaita sahu. Ki rubuta abin da matar ta ce wa direba daidai yadda ta faɗa, da yadda ta kwance bakin zani ta ƙirga canjin sau biyu. Sau ɗaya a mako ki ɗauki guda ki tambaya, da a ce kaza ya faru fa? Ki ba da amsa 10, ko da ƙarfi da yaji. Uku ko huɗun farko za ki ga duk an riga an yi su a fim, ashe yaron ɗan mai kuɗi ne da ya ɓata, irin wannan. Abin da yake naki yakan fito can wajen ta bakwai, lokacin da kin gaji kin daina neman burgewa.

Kada ki koma ki karanta abin da kika rubuta sai bayan mako 4. Nan ne aka fi faɗuwa, a rubuta da safe a karanta da rana, a ji kunya a daina. Ranar karatu ki ɗauki jan biro, ki zagaye duk jimlar da ta sa kika tsaya, da duk abin da ya maimaita kansa. Ki kwafe su a ganye ukun nan na ƙarshe tare da lambar shafi. Ranar mai gyara ke nan, ita ma ki ba ta haƙƙinta.

Akwai inda abin ke karkacewa. In kin ga kwana uku a jere kina rubuta ɓacin rai ɗaya da kalmomi iri ɗaya, saƙa da warwara kike yi, littafin ya koma ƙara wa wuta itace. Ki tilasta wa kanki fara jimla da "saboda" ko "yanzu na gane", ko ki rubuta abin ta bakin wanda ya ɓata miki. James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, a 1986 ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15, kwana 4 a jere. Suna gamawa sukan ji ransu ya ƙara nauyi, amma a watannin baya sun rage zuwa asibiti. Daga baya aka lura waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙara yawan kalmomin dalili da fahimta a rubutunsu. Don haka in za ki taɓo babban ciwo, kwana 4 ki ajiye. In kin ji ya fi ƙarfinki, ki rufe littafin nan take. In kuma makonni ne ba barci, ba cin abinci, ko tunanin cutar da kai, wannan na likita ne.

Sai sirri, don gidajenmu kin sani. Muddin kina tsoron wani zai karanta, ba za ki faɗi gaskiya ba, ado za ki yi. Kada ki ajiye ƙarƙashin filo, nan ake fara dubawa. Ki rubuta "lissafin cefane" a bango, ba mai marmarin buɗewa. Sunayen mutane ki mayar da su harafi ɗaya. Kuma don Allah kada ki ɗauki hoton shafi ki turo mana nan, ko mun roƙa.

In kin tsallake kwana biyu, ba azumi ba ne da za ki rama. Ki sa kwanan watan yau ki ci gaba.

Shi kuma labarin da kike yagewa, a wani littafi dabam za ki yi shi. In kin kai shafi na uku, ki naɗe shafukan baya ki maƙale su da filin ɗankwali, ki rubuta na huɗu. Ba za ki cire filin ba sai kin kai ƙarshen labarin. Cajina ya kusa ƙarewa, bari in tsaya nan. Ki gaida mutanen gida.