Zauren "masana" na cikin waya: wanne za a biya, wanne za a guda?

Wasiƙun wannan makon kusan hanya ɗaya suka bi. Mutum yana da sana'arsa, ya ci karo da matsala, ya ɗauki waya ya yi tambaya a intanet, sai aka ce masa ya turo kuɗi. Na zaɓi shida daga ciki.

Wani ɗalibi daga Aliero: Ina karanta kimiyyar kwamfuta, na fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. An ce in biya naira 15,000 a saka ni wani zauren Telegram da ake amsa tambayoyi. In biya, ko in sa kuɗin a data?

Sa su a data, ɗana. Tambayar da mai koyo zai yi a shekararsa ta farko, da wuya a ce ba a riga an yi ta an amsa ba a Stack Overflow, dandalin da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008, kuma ba a biyan ko sisi. Idan aikinka ya ƙi tashi, kwafi layin ƙarshe na saƙon kuskuren ka liƙa shi a Google yadda yake. A can masu karatu ne ke jefa wa amsa ƙuri'a, mai kyau ta hau sama, marar kyau ta nutse, wanda ya yi tambayar kuma ya sa koren maki a kan wadda ta yi masa aiki. Amma ka riƙa duba shekarar amsar. An daina kula da Python 2 tun Janairun 2020, don haka idan ka ga an rubuta umarnin print babu baka biyu a gabansa, tsohuwar amsa ce, ba za ta yi maka aiki ba sai ka gyara.

In ta kama dole ka yi taka tambayar, faɗi sigar Python da kake amfani da ita, abin da ka so ya faru, da abin da ya faru. Rage aikin zuwa 'yan layukan da ke kawo matsalar, ka liƙa su a rubuce, ban da hoton fuskar kwamfuta. Idan aka rufe tambayar aka ce an taɓa yin irinta, kada ka ji haushi, bi inda aka nuna maka. ChatGPT kuwa yi amfani da shi, amma ka gwada duk abin da ya ba ka. A Disambar 2022 Stack Overflow ya hana liƙa amsoshinsa, saboda sukan zo da kamar gaskiya alhali akwai kuskure a ciki.

Wani manomi daga Argungu: Ina noman rani, hekta ɗaya da rabi, shinkafa irin FARO 44. Kwana 25 da dashe ganye ya soma rawaya. Na tura hoto a zauren manoma na WhatsApp, admin ya ce cuta ce, kuma yana da wani haɗi na musamman, lita guda a galan, babu takarda a jiki, amma mutane suna ta yabawa. In saya?

Kada ka saya, Malam. Kuma ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, domin wannan abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutumin da ya ce shukarka ba ta da lafiya shi ne kuma mai sayar da maganin. Wane hoto za ka tura masa ya ce lafiya lau, ka riƙe kuɗinka? A zauren WhatsApp, wanda ke iya ɗaukar mutum 1,024, admin na da ikon goge saƙon kowa, ya fitar da wanda ya yi masa gardama, ko ya kulle zauren ya zama shi kaɗai ke magana. Yabon da kake gani shi ne abin da aka bari ka gani. Wanda maganin ya ƙona wa gona, in ya yi ƙorafi, ba lallai saƙonsa ya kwana ba. Kafin ka yarda da kowane zaure, duba ko ana iya ce wa mai amsa "ka yi kuskure" a bainar jama'a kuma maganar ta zauna. Duba ko an san sunansa na gaskiya da inda yake aiki. Duba ko kowace amsa tasa tana ƙarewa da lambar asusun banki. In ta ƙare da ita, kana cikin shago ne.

Sannan rawayar ganye ba abu ɗaya ba ce, kuma hoto ɗaya na waya ba ya raba su. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara kodewa bai ɗaya, gonar duka ta yi fari-fari, shukar ba ta yin 'ya'ya a gindi, yawanci yunwar taki ce, yuriya take nema, babu feshin da zai gyara ta. Idan ɗige-ɗige ne masu launin tsatsa suka faro daga bakin ganye a inda ruwa ya daɗe kwance, ƙarfe ne ya yi yawa a ƙasar, a sauke ruwan a bar ƙasa ta sha iska. Idan sabbin ganye ne ke da zane-zanen rawaya, a wuri-wuri, shukar ta tsumbure, ana zargin cutar bairos, ita kuwa ba ta da maganin feshi, tumɓuke waɗanda suka kamu ake yi. Idan ganyen tsakiya ne ya bushe, ka ja ya zare cikin sauƙi, tsutsar kara ce. Abu huɗu ke nan, kowanne da hanyarsa. Ta yaya galan ɗaya zai warkar da su duka?

Galan marar takarda kuma shi ne babban haɗarin. Ba ka san sinadarin da ke ciki ba, ba ka san ƙarfinsa ba, ba ka san ranar da wa'adinsa ya ƙare ba. In akwai gilaifoset, wani maganin kashe haki, a ciki, shinkafar da hakin duka zai kashe. Ko maganin gaske ma yana da dokarsa. Furofanil, wanda ake kashe haki da shi a cikin shinkafa, idan aka gauraya shi da maganin ƙwari dangin oganofosfet, ko aka fesa su kusa da juna, shinkafar yake ƙonawa. Akan bar kimanin mako biyu a tsakani. Mai haɗa magani a bayan shago bai damu da wannan ba. Kuma in yaro ya sha, ko ya zube wa mai feshi a jiki, likita zai tambayi sunan sinadarin, ba wanda zai iya faɗa.

Haka nan amsar da ake yawan bayarwa ta "murfi biyu a famfo". Wane murfi? Wane famfon feshi, mai lita 16 ko mai lita 20? Ga yadda ake yi. Auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ka fesa masa ruwa zalla da irin tafiyarka ta kullum, ka ga lita nawa ta tafi, ka ninka sau 100, shi ne ruwan hekta guda. In lita 2 ta tafi, hekta na cin lita 200, wato famfo 10 mai lita 20. Idan takardar maganin ta ce lita 4 a hekta, kowane famfo mililita 400 ke nan. Mai lita 16 kuma 320. Sayi kofin awo, kuɗinsa bai kai na asarar kwano ɗaya na shinkafa ba.

Duk abin da za ka saya, ya kasance a kwalbarsa ta asali, murfi a liƙe, da sunan sinadari, da lambar NAFDAC, da ranar yi da ranar lalacewa da ba a kankare an sake bugawa ba, kuma daga shagon da gobe za ka iya komawa. Karɓi rasit. In yuriya ce, zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa ka motsa: ta gaske narkewa take yi duka, kofin ya yi sanyi a hannu; in ka ga yashi ya kwanta a ƙasa, an yi mata algus.

Yau ɗin nan ka ciro gindi uku da saiwarsu, biyu marasa lafiya ɗaya lafiyayye, ka kai wa malamin gona na KARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kebbi, ko ka roƙe shi ya leƙo fadamar. In za ka sake tambaya a waya, faɗi iri, ranar dashe, takin da ka sa da yawansa, abin da ka fesa a baya, da tsayin ruwa, sannan ka tura hoton gonar daga nesa da na ganye daga kusa. Duk wanda ya rubuta maka magani bai nemi waɗannan ba, kintace yake yi.

Wani matashi daga Birnin Kebbi: An ce akwai shafin da ake biyan dala idan kana amsa tambayoyi, sai dai a fara biyan rajista naira 10,000. Gaskiya ne?

Wace sana'a ka iya da za ka amsa tambaya a kanta? Ba ka faɗa ba. Mai ɗaukar aiki shi ke biya, ba shi ake biya ba. Riƙe kuɗinka ka je ka koyi wani abu da su.

Wata baiwar Allah daga Jega: Kaji 100 na zuba da kuɗin adashena. Cikin kwana uku 12 sun mutu, suna zawo kore, wasu wuyansu na murɗewa. A Facebook wani ya ce in ba su kafso, wani ya ce barkono da maɗaci, wata ta ce za ta aiko mini rigakafi ta mota. Na kasa barci.

Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kin yi daidai da kika ƙirga kika kuma lura da alamun, da su likita zai fara. Abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar Niyukasil, wadda ta fi yin ɓarna da hunturu, amma murar tsuntsaye ma kan kashe kaji da sauri haka, shi ya sa ba na so ki tsaya kan maganar waya. Ware marasa lafiya yanzu, ki binne matattun da zurfi, kada a yanka a ci ko a kai kasuwa, ki hana baƙi shiga ɗakin. Ki sa guda ɗaya da bai daɗe da mutuwa ba a leda biyu, ki kai asibitin dabbobi na gwamnati, ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa.

Kafso ba ya kashe bairos. Lasota kuma, rigakafin Niyukasil, lafiyayyun kaji ake ba, kuma rayayyen magani ne da ke son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya yi tafiyar awanni a aljihun direba, ruwa kawai za ki biya. Nan gaba ki saya inda kika ga an ciro shi daga firij, ki ɗauko a kula da ƙanƙara, ki janye musu ruwa kamar awa biyu, ki haɗa da ruwan da ba a sa wa kulorin ba, su shanye cikin awa biyu. Waɗanda suka rage ana iya tsirar da wasu, kada ki karaya, ki dai yi sammako.

Wani mai noman rani daga Suru: Fetur ya gagare ni, ina son famfon sola. A wani zaure an nuna fanel mai wat 300 a rabin kuɗin kasuwa, a turo kuɗi a aiko.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 manoma suka koma sola, 'yan algus suka biyo su. Takardar bayan fanel abu ce da ake bugawa a liƙa. Kada ka biya abin da ba ka gwada ba. Je da mai haɗa sola da mitarsa, a fitar da fanel rana tsaka, a auna boltejinsa da karant ɗinsa, a gwada da abin da aka rubuta a baya. Boltej kan zo kusa ko a fanel na jabu, a karant ne ƙarya ke fitowa. Gwada girmansa da na wani mai wat 300 da aka yarda da shi. In ya gaza sosai, bar shi. Kuma kafin fanel, san zurfin rijiyarka, nisan da ruwa zai yi, da iyakar boltejin da na'urar famfon ke ɗauka, domin jera fanel a jere yana tara boltej, in ya wuce iyaka ya ƙona ta. Da waɗannan lambobin ake tambaya, mai sayarwar da bai tambaye ka su ba kada ka ba shi kuɗi.

Wani mai gyaran waya daga Kamba: To babu zauren da ya cancanci a biya ke nan? Akwai wanda wani tsohon mai gyara ke koyarwa, naira 3,000 a wata.

Akwai. Ilimi ba laifi ba ne a biya shi, kuma aikin allon waya abu ne da ake gani da ido a koya. Biya wata ɗaya tak, ban da na shekara. Ka tabbata an san shagonsa, ka tambayi mutum biyu da suka daɗe a ciki ta waya, su kaɗai. A cikin watan, tura matsala uku na gaske daga teburinka, kowace da samfurin wayar, abin da ya same ta, da abin da mita ta nuna. In yana cewa auna nan, ka faɗa mini abin da ka gani, ci gaba da biya. In duk amsarsa ita ce canza sikirin kuma yana da shi na sayarwa, kada ka sabunta. Hotunan mutane da saƙonninsu da ke cikin wayoyin da aka kawo maka gyara kuwa, kada ko ɗaya ya shiga zauren.