Ga amsar tambayarka kan medisin, daga Agege

Ƙanena Dakta, salamu alaikum. Barka da kammala bautar ƙasa. Yaya ƙafar Hajiya? Ka gaishe min da ita da kyau.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa ni da abokan nan nawa da ka sani a Legas muka zaɓi medisin, wato fannin cututtukan cikin jiki na manya, alhali a wajenku Kano, in ji ka, mai riƙe wuƙar tiyata ake wa kallon cikakken likita. Amsar tana cikin irin zaman da muke yi a nan.

Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu Agege, kuma har gobe Bahaushen Legas in ya rasa lafiya nasa yake nema. Ranar Juma'a ba na fita daga masallaci sai na duba takardu. Mai tumatir daga Mile 12 ya miƙo sakamakon gwajin suga, dillalin Alaba Rago ya nuna min ƙafa a kumbure, wani maigadi ya ce tari ya hana shi barci wata biyu. Ba wanda zai tambaye ka fanninka, kai dai Dakta ne ɗan gida. Kuma yawanci sai ciwo ya ci jiki suke zuwa, bayan sun gama da kemis da jiƙe-jiƙe, mutum ɗaya ɗauke da hawan jini da suga, ga ƙoda ta fara gazawa. Irin wannan majinyacin yana bukatar wanda zai zauna ya ji labarinsa tun daga tushe, da harshen da yake mafarki da shi. Sau nawa "ciwon sanyi" ko "basir" ke rikiɗa a bakin tafinta! Kafin azumi kuwa, ni ke zama da dattawa muna sauya lokutan shan maganin suga.

Akwai al'adarmu guda da ke ci min rai. Da jiki ya tsananta sai 'yan uwa su yi karo-karo su ce a mayar da shi gida, a ɗora mutum a mota kwana da yini. Na gane dalilinsu, kowa na son ya cika a gaban nasa. Amma wasu da an bar su kwana uku da sun tashi, kuma likitan da suka yarda da shi ne kaɗai ke iya tsayar da motar nan.

Hanyar ƙwarewa a fannin kuwa ka san ta: jarrabawar share fagen shiga horo da ake kira firamare, sai zagaya sassan zuciya, ƙoda, ƙwaƙwalwa, huhu da sauransu, sai jarrabawar mataki na ɗaya, sannan matakin babban rajistara, wato babban likita mai neman ƙwarewa, da rubuta kundin bincike, kusan shekara 6 in ba a samu tuntuɓe ba. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana Ijanikin nan Legas, amma horon kana iya yinsa a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Shika da ke Zariya. Kwanan asibiti yana da yawa, kuɗin bai kai na wasu fannoni ba, kuma za ka rufe idon mutane da dama.

In aka ce maka medisin rubuta magani ne kawai, ka tuna musu Dakta Stella Adadevoh. A watan Yulin 2014, a wani asibiti a Obalende, ta zargi Ebola a jikin Patrick Sawyer da ya zo daga Laberiya, ta hana a sallame shi duk da matsin lamba. Cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Ita ma 'yar fanninmu ce.

Ka yi istihara, ka kuma samu wata guda kana bin zagayen safe a ɗakin masu jinya na medisin kafin ka cike fom. Sannan ka turo min gwajin ƙodar Hajiya na ƙarshe ta WhatsApp, kumburin nan bai kwanta min a rai ba.