Me ya sa ba a rubuta wa Smoltz faɗuwa ba?

Ka tambaya kan wasan besbol na bakwai, na ƙarshe a gasar World Series (karawar fitar da zakaran besbol na Amurka) ta 1991, wanda Minnesota Twins ta ci Atlanta Braves 1-0: me 7.1 ke nufi a gaban sunan John Smoltz, mai jifan ƙwallo na Braves, kuma me ya sa ba shi ya ɗauki faɗuwar ba?

Malam, 7.1 ɗin nan ba lissafin makaranta ba ne. Kowane zagaye sai mai jifa ya fitar da masu duka uku. Wato Smoltz ya kammala zagaye bakwai, ya fitar da mutum ɗaya a na takwas, aka canja shi. Bakwai da sulusi ke nan. A nan mutane ke tafka kuskure wajen lissafin ERA, wato ma'aunin ƙwazon mai jifa, wanda ake samu ta ninka makin da aka ci mai jifa sau 9, a raba da zagayen da ya yi. Da 7.33 za ka raba.

Ita kuwa faɗuwa, mai jifan da ya bar mai cin makin nasara ya hau tasha (wurin da mai duka ke tsayawa kafin ya zagayo gida ya ci maki) ake ɗora wa. Smoltz ya fita ana canjaras babu ci. A zagaye na 10 Dan Gladden na Twins ya doki ƙwallon Alejandro Peña, mai jifan Braves a lokacin, ya kai tasha ta biyu, aka tura shi ta uku, Gene Larkin ya shigo da shi gida. Sai faɗuwar ta faɗa kan Peña.

Jack Morris, mai jifan Twins, kam shi kaɗai ya jefa zagaye goma cur, aka rubuta masa nasara.